Amanar Kot Sarang

A shekara ta dubu da ɗari biyu da hamsin da takwas bayan Hijira, cikin watan Shawwal, ranar Talata da hantsi, na sauka daga jirgin fataken dabino a bakin ƙasar Sindu. Ba ni da kaya sai gafaka da buta da bargo. Ni ne Sha'aibu ɗan Alfa Gajere, mutumin Kusada ta ƙasar Katsina. Shekara goma sha huɗu rabona da gida, shekara tara rabona da jin Hausa a bakin wani.

Mu bakwai muka fito aikin Hajji. Biyar suka juya gida, ni da Malam Gambo muka wuce Basra neman ilmin taurari, a can zazzaɓi ya ɗauke shi. Na zauna na yi karatu har na iya Farisanci, sannan na koma Maskat ina rubuta wa fatake wasiƙu, ina tsintar Sindanci a bakin matuƙan jirage. Ban san ina asarar kome ba, sai wata safiya da na ga wata mata tana shan kunu da wani abu mai dogon hannu. Na san sunansa da Larabci, na san shi da Farisanci, da Hausa kuwa na nema na rasa. Kwana uku ina cigiyarsa a cikin kaina. Ran na huɗu ina cikin alwala ya faɗo mini: ludayi. Na ɗauki gawayi na rubuta shi a bangon ɗaki. Kafin shekara ta zagayo bangon ya cika, wasu kalmomin kuma sun tafi ba su dawo ba.

Wata rana wani matuƙi ɗan Sindu ya zo in rubuta masa wasiƙa, ya ji ina ƙirga layuka da Hausa a ƙarƙashin numfashi. Ya ce ya taɓa jin wannan waƙar. Can saman kogin Mihran, in ji shi, akwai wani ƙaramin birni mai ganuwa, Kot Sarang. Mai tsaron ƙofarsa tsoho ne baƙi, ana ce masa Shidi Kambar, in raƙuma suna shiga haka yake ƙirga su. Ya kwaikwaya mini: "Hudu, biyat, shidda."

Biyat! Haka Gobirawa ke faɗa. Mako bai cika ba na shiga jirgi.

Ƙasar Sindu kogi ɗaya ce da yashi a gefe biyu. Sarakunanta 'yan'uwan juna ne, kowannensu ana ce masa Mir, sun raba ƙasar kamar gonar gado. Nasara kuma, da suka riga suka cinye ƙasar Hindu, sun kafa sansani a bakin teku. Da farko hanyar jiragen ciniki suka roƙa, sannan wurin tara itacen wuta, sannan wurin kwanan masu gadin itacen. Kowane roƙo da takardarsa ta Farisanci, da hatiminsa. Lokacin da na iso hanyar arewa ta rufe. Baƙon da mayaƙan sarakuna, Baluci, suka kama, ɗan leƙen asirin Nasara ne. Wanda Nasara suka kama, na sarakuna ne.

Aka ce mini baƙaƙen ƙasar, waɗanda ake kira Shidi, suna taruwa a wani tafki mai ruwan zafi, tafiyar rabin yini daga teku. Na je. Kadoji sun fi ɗari kwance cikin laka. Babbansu an shafa masa jan gari a ka, an rataya masa furanni, wani dattijo yana sa masa nama a baki da hannu kamar mai ciyar da ɗan yaye. Ana kaɗa wata doguwar ganga da ta sa tsigar jikina ta tashi. Na bi mutanen ɗaya bayan ɗaya ina cewa, "Sannu. Sannunku." Mutum arba'in da uku na gaisar, kowa ya yi murmushi ya dafa ƙirji. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna, ta daɗe tana duban fuskata, ta faɗi wata kalma da kakarta ta bar mata, ta jira. Ban san kalmar ba. Na faɗi tawa, ba ta san ta ba. Ta ba ni dabino biyu ta sake ni.

Hanya ɗaya ta rage, jirgin Nasara. Wani hafsansu, Kyaftin Hawel, yana neman tafinta mai jin Sindanci, don shi Farisancin littafi kaɗai ya iya. Dogo ne, mai jan wuya, ba ya ɗaga murya. Yana da ɗan littafi da yake tara kalmomi a ciki yadda wasu ke tara duwatsu masu launi, kuma na lura in ya rubuta kalma ba ya ƙara amfani da ita. Munshi yake kirana, wato magatakarda.

Ya ce, "Me kake nema a arewa, Munshi?"

Na ce, "Wani tsoho."

"Danginka ne?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

"To gaba ce tsakaninku."

"A'a. Hira nake so mu yi."

Ya dube ni, ya rubuta wani abu, ya ce in shiga.

Jirgin na ƙarfe ne, ba ya jiran iska. Wuta yake ci, yana juya wasu manyan faifai biyu a haƙarƙarinsa, a yini guda yakan cinye itacen da zai ishi unguwa wata guda. Kogin kuwa launin kunun kanwa, ba ya kwana inda ya yini. A cikinsa na ga wata dabba mai dogon baki, jikin kifi gare ta amma ba ta da ido, tana shayar da 'ya'yanta nono, in ta fito shan iska sai ta yi nishi kamar tsohon da ya hau tudu. Na ga masunta da ba su da kwalekwale. Kowa da babban tulunsa, ya kwanta rub da ciki ya toshe bakin tulun da cikinsa, ya bi ruwa da koma a hannu. In ya kama kifi sai ya ɗaga ciki kaɗan ya jefa shi cikin tulun.

Ran kwana goma sha ɗaya itace ya ƙare, jirgi ya tsaya. Kyaftin ya aike ni wani ƙauye da ke sama da mu in nemo. Ban kai ga ƙauyen ba Baluci shida suka kewaye ni. Babbansu ya raba gemunsa biyu ya naɗe a kunnuwa.

Ya ce, "Kai bawan wa ne?"

Na ce, "Na Allah."

"Kowa haka yake cewa kafin la'asar."

Na roƙe su su kai ni Kot Sarang wurin Shidi Kambar. Suka yi dariya, ɗayansu ya ce kowane baƙi ɗan'uwan Kambar ne in wuƙa ta zo wuya. Suka lalube ni, suka sami takardar Kyaftin da hatiminsa. Aka yanke cewa in shugaban rundunarsu ya iso bayan la'asar a yanka ni. Suka tura ni wata rumfar masunta a bakin ruwa, cike da tuluna, suka zaunar da mutum ɗaya a ƙofa da bindiga bisa cinya.

Zafin azahar na ƙasar nan ba ya barin ido a buɗe. Da na ji numfashin mai gadin ya yi nauyi, na tuɓe rigata na sa wa wani tulu, na ɗora masa rawanina, na juya shi alƙibla kamar mai lazimi. Bayan rumfar zana ce. Na raba ta, na mirgina wani tulun zuwa ruwa. Ni ban iya iyo ba, Kusada ba ta da kogi. Na yi bisimilla na kwanta a kai, daidai lokacin da masunta wajen talatin ke gangarowa. Na kusa da ni bai ko juyo ba, ya ce, "Matse cikinka, baƙo, tulu ba ya son mai yawan numfashi." Suka sa ni a tsakiya. Can na ji ihu a gaɓa, Baluci suna gudu suna leƙe. Abin da suka gani baya talatin da ɗaya ne, rana ta mai da su launi guda. Da aka ciro ni zuwa jirgi tsirara, Kyaftin ya ba ni mayafi, ya tambaye ni sunan tulun da Sindanci.

Cikin Muharram yaƙi ya ɓarke tsakanin Nasara da sarakuna. Ni ina baya wurin kaya, inda aka gurfanar da raƙuma aka yi da'ira da su. A busasshen kwarin wani kogi aka haɗu. Baluci dubbai ne, da takubba da garkuwoyin fata. Nasara ba su da yawa, amma suna da igwa, kuma ba sa harbi sai an ce su harba. Na ga mutane suna kama bakin bindiga da hannun hagu don su sami sara ɗaya da na dama. Daga hantsi zuwa azahar aka gama. Washegari sarakuna suka fara kawo takubbansu. Mir Lashkari, mai Kot Sarang, an ɗauko shi cikin gawawwaki da harsashi a cinya. Da idona na ga an sa shi a jirgi an nufi teku da shi, kuma ni na fassara masa cewa ba zai ƙara ganin kogin nan ba.

Aka ba Kyaftin soja ɗari uku da igwa biyu, aka ce ya je ya karɓi Kot Sarang. Kwana shida muka yi a ƙasa. Birnin na jan tubali ne, a kan kowane soro an gina wani abu mai buɗaɗɗen baki da ke kamo iska ya tura ta cikin ɗaki, dukansu sun fuskanci gefe guda kamar sahun salla. A ciki akwai mata da yara da tsofaffi, da 'yan bindiga arba'in, da rumbun albarushi. Mir da zai fita yaƙi ya bar makullai a hannun Kambar.

Da safe aka kafa igwa, aka ɗaga farin ƙyalle. Ƙaramar ƙofa ta buɗe, wani tsoho siriri ya fito shi kaɗai, makullai suna kaɗawa a ɗamararsa. Tun daga nesa na ga tsagar Gobirawa a kumatunsa. Wata huɗu ina shirya gaisuwar da zan yi masa, doguwa, irin ta malamai. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ina kwana?"

Ya tsaya cik. Leɓɓansa suka yi ta motsi ba sauti. Sannan ya ce, "Lahiya lau." Muryar ta tsoho ce, amma yadda ya faɗe ta na yaro ne da aka koya wa gaida baƙi. Ya matso ya taɓa hannun rigata. "Mi sunanka?"

"Sha'aibu, Baba. Daga Katsina."

"Ni Nomau. Inna tac ce Nomau."

Yana ɗan shekara bakwai aka ɗauke shi a gona yana korar tsuntsaye. Sau shida aka sayar da shi kafin ya zo hannun kakan Mir. Hausar da ke bakinsa ta tsaya a inda aka ɗauke shi.

Kyaftin ya miƙo mini takarda. Na fara karantawa da Farisanci, tsohon ya ɗaga hannu. Da Sindanci ya ce, "Takarda goma sha ɗaya aka karanta wa ubangijina da wannan harshe, kowacce ta cinye ta gabanta." Sannan ya koma Hausa. "Gaya min da maganar Inna. Ba a ƙarya da ita."

Kalmar da ke cikin takardar ita ce aman. A Larabci da Farisanci kalmomi biyu ne. Aman shi ne abin da wanda ya ci yaƙi ke ba wanda aka ci: ka miƙa kome, a bar maka ranka. Amanat kuwa ajiya ce, mai ita zai dawo ya karɓa. Mu Hausawa da baki ɗaya muke faɗarsu. Gari ya ba da kai, mu ce ya yi amana. A bar maka kaya, mu ce amana. Na san bambancin, har na taɓa koyar da shi a Basra. Amma bakina ya yi shekara tara yana jira, kalmar da ta fi kusa ita ta fito.

Na ce, "Baba, amana suke nema. Ka ba su makullai, ba wanda za a taɓa."

"Amana," in ji shi. Ya juya kalmar a baki kamar mai tsotsar tsamiya. Sai fuskarsa ta washe. "Kamar akuyar Inna! Da muka tai Alkalawa tab bar ma Gwaggo. Mun komo, ta amshi abinta, har da ɗiya biyu." Ya yi dariya, ya nuna Kyaftin da haɓa. "In Mir ya komo su ba shi abinai?"

Nan na gane abin da na yi. Ga igwa a bayana, ga mata suna leƙe ta kan ganuwa, ga bakin tsohon nan da Hausa ke fitowa daga ciki. Da so samu ne in ce matan na fara tunawa. Ba su ba ne. Abin da na fara tunawa shi ne, in na ce a'a zai koma ciki ya ja ƙofa, igwa ta yi magana, in tashi da kalma arba'in bayan tafiyar wata huɗu.

Na ce, "Amana ce, Baba."

Ya kwance makullan ya miƙa da hannu biyu.

Kyaftin ya ce, "Me ya ce?"

"Ya karɓi aman."

"Me ya ba shi dariya?"

"Wata akuya ya tuna."

Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Kwana goma sha tara muka yi ni da shi. Kullum da hantsi nakan shimfiɗa tabarma a inuwar ƙofa, mu zauna har azahar. Shi yana da kalmomin yara, ni ina da na manya, muka yi ta musaya. Shekara huɗu ina neman sunan tsuntsun nan da ke zuwa gabanin damina ya yi sheƙa a kan kuka. Ban gama kwatantawa ba ya ce, "Shamuwa! Kai, ɗan Katsina, wane irin malami na kai? Maganarka ta yi ruwa kamar kunun marowaciya." Ya dawo mini da langa, da bado, da ƙwanso. Ni kuma na ba shi furfura, na ba shi suruki, na ba shi kewa. Wannan ta ƙarshe ya sa na bayyana masa ita sau biyu, sannan ya ce ashe tana da suna. Ya tambaye ni ko rijiyar garinsu tana nan. Na ce ban taɓa zuwa ba. Ya ce ba kome, tana nan.

Bayan azahar yakan tashi ya zagaya birnin. Ya leƙa rumbunan hatsi, ya shafa bindigogin da aka jingine, ya duba dawaki. Wani soja ya sassaƙa sunansa a jikin ƙofar Mir, tsohon ya bi shi da sanda yana cewa kayan mutane ne. Kyaftin ya hana a taɓa shi. Ya ce mini bai taɓa ganin wanda aka ci da yaƙi yana kula da kayan wanda ya ci shi haka ba, ya tambaye ni ko halin mutanenmu ne. Na ce wasunmu.

Kowace safiya nakan fito da niyyar gaya masa. Kowace safiya kuma sai in tarar ya tuno wata sabuwa yana jirana da ita.

Ran na ashirin wani mahayi ya iso da takarda daga babban sansani. Aka tara mutanen gari a filin ƙofa, soja suka yi sahu, aka ja tutar Nasara zuwa saman ganuwa. Kyaftin ya karanta da harshensu, ni na juya da Sindanci, jimla bayan jimla. Ƙasar Sindu, daga teku har yashi, ta zama ta Nasara har abada. An tuɓe sarakunanta, ba mai dawowa. An kuma haramta bauta, kowane bawa ya zama ɗa. Kyaftin ya naɗe takardar, ya ce in gaya wa tsohon yanzu shi ɗa ne, kuma in yana so ya ci gaba da tsaron ƙofa.

Ban sami faɗa ba. Tsohon ya riga ya taho, mutane suna ba shi hanya. Ya tsaya gabana, bai dubi Kyaftin ba.

"Ɗan Katsina."

"Na'am, Baba."

"Ran nan, ka sani?"

"Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai sau biyu, ya juya ya shiga gari.

Washegari na shimfiɗa tabarma, hantsi ya wuce bai zo ba. Wata mai sayar da nono ta ce ta gan shi ya nufi bakin kogi wurin fito da ƙunshin kaya, wai zai bi ubangijinsa teku. Na bar tabarmar na ruga. Na same shi ya riga ya zauna cikin kwalekwale, ƙunshin a kan cinyarsa, mai fito yana kwance igiya.

Na ce, "Baba Nomau, tsaya ka ji. Da na faɗa maka gaskiya da yanzu duk kuna ƙarƙashin tubali, kai da matan da yaran. Ka bari in bi ka. Ko ba ka yafe ba, ka zage ni, zan ji."

Ya dube ni kamar yadda ake duban wanda aka haɗu da shi a kasuwa. Ya juya wurin mai fito, ya yi masa magana da Sindanci.

"Tambayi Munshin nan me yake so. Ban san yarensa ba."

Mai fito ya dube ni, igiya a hannu, yana jira. Da Sindanci na ce masa ba kome. Ya sa gora ya tura kwalekwalen.